Yadda Ake Koyar da Ilimin Duwatsu da Tarihin Doron Ƙasa a Makarantar Sakandare a Kano

Darasin duwatsu da tarihin doron ƙasa yana cikin darussan da ɗaliban sakandare suke haddacewa domin jarrabawar WAEC da NECO, su kuma manta da su kafin sakamako ya fito, saboda yawanci da alli da allo kawai ake koyar da shi, a kwafi jerin sunaye a littafi, a tashi ba tare da ɗalibi ko ɗaya ya riƙe dutse a hannunsa ba. Alhali kuwa birnin Kano yana zaune ne a kan daɓen dutse mai shekaru ɗaruruwan miliyoyi, ga Dala da Goron Dutse a tsakiyar gari, ga yashin da tifofi suke jibgewa a kowace unguwa, ga ma'adanai iri-iri a faifan 'yan koli a Kasuwar Kurmi. Tsarin da ke tafe zai ɗauki kimanin mako shida zuwa takwas, kuma malamin labarin ƙasa ko na kimiyya zai iya bin sa ko da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Ƙa'idarsa guda ɗaya ce: ɗalibi ya fara taɓa abu, daga nan a gaya masa sunansa, sannan a kai shi ga shekarunsa.

Matakin farko na malami ne shi kaɗai, kuma kafin a dawo hutu ya kamata a kammala shi, wato tattara samfuri. A wurin masu fasa dutse ko inda ake gini za a samu gutsattsarin giranit, wanda shi ne dutsen nan mai ɗigon fari da ruwan hoda da baƙi da ake zubin kankare da shi, sai a zaɓi masu sabuwar karaya domin a kansu ne ƙwayoyin suke fitowa sarai. Idan an dace za a ga wasu masu jere-jeren fari da baƙi kamar an ja musu layi, su ma a ɗebo su a ware daban. A nemo marmara, da yashin kogi, da tsakuwa mai santsi, da yumɓu daga wajen magina tukwane, da farar ƙanƙarar nan mai ƙyalli da ake tsinta a gona. A Kurmi kuma a sayo kanwa, da farar ƙasa, da gishirin kantu, da ɗanyen kwalli wanda ba a niƙa ba, da alif ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta. Wanda yake da ɗan'uwa a Sakkwato ko Gombe ya roƙi a aiko masa da dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ko Ashaka, domin irinsa ba a samunsa a ƙasar birnin Kano. Kowane samfuri a ɗiga masa farin fenti a rubuta lamba a kai, a kuma buɗe littafi guda a rubuta lambar da wurin da aka samo shi da ranar, domin dutsen da ba a san inda ya fito ba rabin amfaninsa ya tafi. Sauran kayan aikin ba su wuce ƙusa, da fasasshen gilashin da aka goge bakinsa, da ɓallin tayil, da lemon tsami, da maganaɗisun tsohuwar lasifika ba.

A darasi na farko kada malami ya ambaci sunan dutse ko ɗaya. A kasa aji gida-gida, mutum shida ko takwas, a ba kowane gida faranti mai samfuri biyar ko shida, a ce su rubuta abin da suka gani: launi, da nauyi a hannu, da kaushi ko santsi, da ko ana ganin ƙwayoyi a jiki, da ko ƙwayoyin a jere suke ko a warwatse. Bayan minti goma sha biyar sai a shiga gwaji. Su karci kowane samfuri da farce, sannan da ƙusa, sannan su gwada ko samfurin zai karci gilashi. Farar ƙasa farce ma yana cin ta, gishirin kantu sai ƙusa, amma farar ƙanƙara ƙusa ba ta yi mata komai, ita ce ma take barin zane a jikin gilashi. A nan ne malami zai kawo ma'aunin tauri wanda Bajamushe Firedirik Mos ya tsara a 1812, mai hawa goma, inda farce yake wajen 2.5, gilashi wajen 5.5, ƙanƙarar da masana suke kira kwaz take 7, daimon kuma 10. Daga nan su goga marmara a bayan tayil su ga jan zanen da ke nuna tsatsar ƙarfe, su matsa lemon tsami a kan kanwa su ga ta yi kumfa, su kankare dutsen siminti ya yi gari su matsa masa shi ma su ga kumfar, sannan su matsa wa giranit su ga ko gezau. Allin rubutu na aji sau da yawa ba ya kumfa domin da wani ma'adinin daban ake yin sa, saboda haka malami ya gwada nasa a gida kafin ya yi alkawari a gaban yara. A ƙarshe su ja maganaɗisu a cikin busasshen yashi su ga baƙaƙen ƙwayoyin da ke manne masa. Kwalli kuwa a bar shi a cikin leda a duba shi ta waje, domin yawancinsa ma'adinin dalma ne, kuma wannan dama ce ta tuna wa ɗalibai gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan da ake haƙar zinare a Zamfara a 2010. Kowa ya wanke hannu kafin ya fita.

Sai a darasi na biyu da na uku za a raba duwatsu gida uku, kuma ya fi kyau a bar ɗalibai su fara raba su da kansu bisa abin da suka rubuta. Gida na farko shi ne na duwatsun da suka samu daga narkakken dutse da ya huce, kuma giranit ne shugabansu a wurinmu. Domin a nuna dalilin da ya sa ƙwayoyinsa suke da girma, a narka alif a ruwan zafi har ya ƙi narkewa, a raba ruwan kofi biyu, a tsoma ɗaya a cikin ruwan ƙanƙara, ɗayan kuma a naɗe shi da tsumma a ajiye a kabad har gobe. Wanda ya huce da sauri zai ba da ƙananan ƙwayoyi kamar gari, wanda ya huce a hankali kuma zai ba da manya masu kusurwa. Ɗalibin da ya ga wannan zai iya faɗa da kansa cewa giranit a can ƙarƙashin ƙasa ya huce, cikin dogon lokaci, kuma kasancewarsa a fili yau yana nufin duk abin da yake kansa a da zaizaya ta kwashe shi. Gida na biyu shi ne na duwatsun da suka samu daga taruwar yashi da laka da ɓawon halittun ruwa. A zuba tsakuwa da yashi da laka a gorar roba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye a kan tebur: tsakuwa za ta zauna nan take, yashi ya biyo baya cikin minti guda, laka kuwa sai ta kwana ba ta gama kwanciya ba. Washegari a ƙara wani zubin a kai ba tare da girgizawa ba, a tambayi aji wane hawa ne ya riga zuwa. Amsar da za su bayar, cewa na ƙasa ya girmi na sama, ita ce ƙa'idar da Nikolas Siteno ɗan ƙasar Denmak ya rubuta a 1669, kuma a kanta aka gina karatun tarihin ƙasa gaba ɗaya. Gida na uku, na duwatsun da zafi da matsi suka canja wa kama ba tare da sun narke ba, samfurin nan mai jere-jeren fari da baƙi ya isa ya wakilce shi. A duk lokacin da aka fahimci abu da Hausa, malami ya rubuta sunansa na Turanci a gefen allo a sa ɗalibai su kwafa, tun da da shi za su amsa tambayar jarrabawa.

Abin da ya fi dacewa malami ya daɗe a kansa shi ne yadda waɗannan gidaje suke haɗe da juna, domin a Kano ana iya nuna haɗin da kayan da ke kan tebur. A ɗauki giranit a nuna ma'adanai ukun da ke jikinsa: mai kama da gilashi shi ne kwaz, mai ruwan hoda ko fari shi ne felsfa, baƙin mai ɓamɓarewa fale-fale kuma shi ne mika. Ruwan damina da zafin rana suna ruɓar da felsfa ya koma laka da farar ƙasa, kwaz kuwa da yake ba ya ruɓewa da sauƙi sai ya saki jiki ya zama yashi, ruwa ya kwashe shi zuwa Kogin Challawa da Kogin Kano. Ke nan yashin da aka yi bulon ajin da shi, da jar ƙasar da aka haƙa aka gina ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu har ramukanta suka zama kududdufai, da yumɓun tukunya, duk daga ruɓewar irin wannan dutse suka fito. A ajiye giranit da yashi da laka a jere, a ce kowane ɗalibi ya zana kibiyoyin da suka haɗa su, ya rubuta abin da ya faru a kan kowace kibiya.

Mataki na gaba shi ne fita, kuma Dala ta fi ko'ina sauƙi. A nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye a rubuce, a sanar da mai unguwa, a zaɓi safiyar wata rana tsakanin Nuwamba da Fabrairu lokacin da ƙasa ta bushe kuma zafi bai tsananta ba, a tafi da ƙarin malami, idan kuma akwai ɗalibai mata to da malama. Malamin ya riga zuwa shi kaɗai ya zaɓi wurare uku da za a tsaya. A gindin dutsen ɗalibai su duba ƙasar da ruwa ya wanko da ramukan da ya yanka. A tsakiya su duba yadda ƙasar take da laushi har ana iya murmushe ta da hannu. A sama kuma, inda tsayin ya kai kimanin mita 534 daga matakin teku, su duba marmara mai tauri da ramuka-ramuka da ta rufe kan dutsen, su kuma hango Goron Dutse su lura cewa shi ma kansa a baje yake. Tambayar da za a bar su da ita ita ce, me ya sa waɗannan biyun suka tsaya alhali kewayensu duk fili ne? Bayanin shi ne marmara tana samuwa ne inda ruwan sama ya daɗe yana wanke ƙasa yana tafiya da abin da ke narkewa, ya bar tsatsar ƙarfe, wadda take ƙandarewa idan ta sha iska. Wannan murfin ne ya kare abin da ke ƙarƙashinsa yayin da zaizaya ta cinye kewaye, saboda haka saman Dala saura ne na wani tsohon doron ƙasa da ya fi na yanzu tudu. Ƙarfen da ke cikin wannan marmara shi ne ya jawo maƙera, kuma masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narka tama a Dala tun wajen ƙarni na bakwai na Miladiyya. Kowane ɗalibi ya zana dutsen daga gefe ya sa alamar hawa ukun kafin a sauko. Kada a bar kowa ya matsa bakin gangare, kuma ba na ganin hikimar kai aji wurin fasa dutse ko bakin kududdufi, domin abin da za a gani a can malami zai iya ɗauko hotonsa da waya.

Bayan an dawo ne za a shiga maganar shekaru, wadda ita ce mafi wuyar shiga kai, domin miliyan da biliyan a kunnen yaro duk "da yawa" ne. A samo igiya mai tsawon mita 46 a shimfiɗa a filin makaranta, a ce kowace mita shekara miliyan 100 ce, wato igiyar duka ta tsaya a madadin shekarun duniya kimanin miliyan 4,600, kuma ƙarshenta ɗaya shi ne yau. A ba ɗalibai katuna da tef ɗin awo su auna daga yau zuwa baya su tsaya a wurarensu. Mai katin alamun rai mafi daɗewa zai tsaya a mita 35, mai katin yawaitar iskar oksijin a mita 24, mai katin giranit ɗin ƙasar Kano, wanda ya samu lokacin wani babban karon ɓangarorin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, a mita 6. Bayyanar dabbobin ruwa masu ɓawo tana mita 5.4, farkon dainoso, wato manyan dabbobin nan dangin kada da suka shuɗe, tana mita 2.3, duwatsun kuza na Jos da na Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa suna tsakanin mita 2 da mita 1.4, ƙarewar dainoso kuma tana santimita 66. Ƙasusuwan mutane irinmu mafi daɗewa da aka tono, masu shekara kimanin 300,000, suna milimita 3 daga bakin igiya, ganuwar Kano kuwa ba ta kai kaurin silin gashi ba. A bar ɗalibai su tsaya shiru na ɗan lokaci su ga yadda mutum biyu suke can nesa su kaɗai, sauran kuma sun cunkushe a mita shida na ƙarshe.

Lalle wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ya ƙirga waɗannan shekarun?" kuma tambayar ta cancanci darasi guda cikakke. Akwai sinadarai kamar yuraniyom da suke rikiɗewa su koma wani sinadarin a kan ƙayyadadden lokaci, ta yadda rabin nau'in yuraniyom mafi yawa yake komawa dalma cikin shekara kimanin miliyan 4,470, don haka idan aka auna abin da ya rage da abin da ya rikiɗe a cikin ƙwayar ma'adini za a san tun yaushe ta daskare. Domin a nuna wannan a yanka kwali gida 100, a sa wa kowane alama a fuska ɗaya, a zuba a kwano a girgiza a watsa a tebur, a kwashe waɗanda alamarsu ta kalli sama, a ƙirga saura a sake. Lambobin za su zo kusa da 50, da 25, da 12, da 6, kuma idan aka haɗa sakamakon gidaje duka za su fi kusantar haka. Murfin kwalbar lemo bai dace da wannan aiki ba domin yana fifita faɗuwa ta gefe ɗaya. A ja hankalinsu kuma cewa awon kabon da suke ji a rediyo, wanda rabin nau'in kabon ɗin da ake aunawa a cikinsa yake ƙarewa cikin shekara 5,730, na itace da ƙashi ne masu 'yan dubban shekaru, kamar kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987 mai shekara kimanin 8,000, ba a auna giranit da shi.

A wannan gaɓar ne kuma tambayar addini take tasowa, game da kwanakin halitta da shekarun duniya. Shawarata ita ce malami ya karɓi tambayar da mutunci, kada ya yi wa mai ita dariya, kada kuma ya mai da kansa mai fassara; ya bayyana abin da aka auna da yadda aka auna shi, ya ce wa ɗalibin ya kai ɓangaren tafsiri wurin malamin addini. Yana da amfani su san cewa Ibn Sina ya yi rubutu a kan yadda duwatsu suke samuwa da yadda ruwa da iska suke sassaƙa su, Al-Biruni kuma ya duba tsakuwar filayen Indiya ya ce wurin teku ne a da wanda koguna suka cike, duk wajen shekara dubu da suka wuce.

Motsin ɓangarorin ɓawon ƙasa ba ya buƙatar dogon lokaci idan an yi shi da almakashi. A kwafi taswirar Afirka da ta Kudancin Amurka a takarda, a yanke, a sa ɗalibai su haɗa, za su ga kusurwar Barazil ta shige lungun gaɓar Najeriya da Kamaru. Bajamushe Alfired Wegena ya kawo ra'ayin cewa nahiyoyin a haɗe suke a da a 1912, amma sai a shekarun 1960 aka yarda da shi bayan an auna ƙasan teku. Nahiyoyin biyu sun rabu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, har yanzu kuma tekun Atilantika yana ƙara faɗi da 'yan santimitoci kowace shekara, kuma kwarin Binuwai tsaga ce da ta fara buɗewa a wancan lokaci ta tsaya. Daga nan a kai su Sakkwato a taswira, inda teku ya taɓa ratsowa ta cikin Sahara ya bar dutsen Kalambaina mai ɗauke da ɓawon halittun ruwa, aka kuma tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da masana suka raɗa wa suna daga garin Goronyo. A Gadufawa ta Jamhuriyar Nijar kuma an tono dainoso da wani kada da tsawonsa ya haura mita 9. Idan darasin ya faɗo a hunturu, a shafa basilin a farin faranti a ajiye a kan rufi kwana biyu, a nuna musu ƙurar da ta manne, a gaya musu cewa da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, wanda busasshen gindin wani babban tafki ne da ya ninka Tafkin Chadi na yau sau da yawa kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Makarantar da take da hali ta rubuta wa sashen jiyoloji, wato ilimin duwatsu, na Jami'ar Bayero ta nemi a bar ɗalibai su ga samfuran da babu su a aji.

Wajen auna fahimta, a haɗa tambayoyin takarda da jarrabawar faranti: a ba ɗalibi samfuri uku marasa suna, da ƙusa da gilashi da lemon tsami, ya faɗi gidan kowane da hujjarsa, a kuma ba hujja maki fiye da suna. Aikin gida na ƙarshe shi ne kowa ya sami mai haƙar rijiya ko mai aikin burtsatse a unguwarsu, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi irin ƙasar da yake ratsawa daga sama har ya iske ruwa da gaba nawa kowace take, ya zana hawa-hawan a takarda, sannan ya amsa wannan tambaya: me ya sa burtsatsen wani gida yake ba da ruwa sosai, na maƙwabcinsa kuma ya ƙafe? Cikakken maki na wanda ya gane ne cewa giranit ba ya riƙe ruwa a jikinsa, ruwan yana zama ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da kuma cikin tsagoginsa, saboda haka wanda ya dace da tsaga ko ruɓaɓɓen wuri mai zurfi shi ne zai samu. Wanda ya ƙara da cewa a gabashin Jigawa da Barno lamarin ya bambanta, domin can ruwan yana kwance ne a cikin shimfiɗaɗɗen yashi na kwarin Chadi, a ƙara masa maki biyu.